Yadda ake sake tsara sashen gaggawa na asibiti idan annoba ta ɓarke

A ranar 27 ga Mayun 2015 wani mutum mai shekara 35 ya shiga sashen gaggawa na asibitin Samsung da ke birnin Seoul a Koriya ta Kudu, yana fama da ciwon huhu. Kwana biyu ya yi a wurin kafin a gane cewa MERS, wata cutar numfashi mai yaɗuwa, ce a jikinsa. Kafin a ankara mutum 82 sun kamu daga gare shi: majiyyata 33, ma'aikata 8, masu jinya da 'yan dubiya 41. A duk ƙasar mutum 186 annobar ta kama, 38 suka mutu, wato kusan rabin waɗanda suka kamu a sashe ɗaya suka kwaso ta. Asibitin kuwa yana cikin waɗanda suka fi kayan aiki a ƙasar. Cunkoso ne ya kayar da shi, da doguwar jiran gado, da barin kowa ya shiga ya fita.

Mu ma nan gida mun ga irinsa. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da Ebola, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara kamuwa ma'aikatan asibitin da ya kwanta ne, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi fita, ta kuma rasu a watan Agusta. A Janairun 2020 likitoci biyu sun rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata. A dukkan waɗannan, ɓarnar ta auku ne a sa'o'in da ke tsakanin shigowar majiyyaci da lokacin da wani ya fara zargin abin da ke damunsa. Duk gyaran da za a yi wa sashen gaggawa abu biyu yake nufi: a taƙaita waɗannan sa'o'i, a kuma rage yawan mutanen da za su shaƙi numfashin majiyyacin ko su taɓa jikinsa a cikinsu.

Mataki na farko: a bi sawun majiyyaci, a rufe ƙofofi

Kafin a sayi komai, shugaban sashe da babbar nas da mai kula da gini su ɗauki takarda su bi hanyar da majiyyaci ke bi tun daga inda adaidaita sahu ke sauke shi. Ina yake yankar kati? Ina yake biyan kuɗi? A wane benci yake jira? Ta ina ake kai shi hoto, ta ina ɗan'uwansa ke zuwa sayen magani? A yawancin asibitocinmu za a tarar mai tari ya tsaya a layi uku ko huɗu kafin ma'aikacin lafiya na farko ya dube shi. A yi alama a takardar duk inda mutane ke taruwa.

Daga nan a bar ƙofa ɗaya tak ta shigar majiyyata, ɗaya ta ma'aikata. Sauran a rufe su daga waje, amma a bar su suna buɗuwa daga ciki saboda gobara. Kada a ɗaure su da sarƙa da kwaɗo. Yankar kati da biyan kuɗi su koma bayan tantancewa. Wanda aka keɓe, ma'aikaci ne zai kai masa katinsa.

Mataki na biyu: tantancewa a ƙofa

A kafa rumfa a waje, buɗaɗɗiya ta kowane gefe, da tebur a tsakanin mai tantancewa da mai shigowa yadda za a sami tazarar aƙalla mita 1, in da hali mita 2. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu, kwalin takunkumi, ma'aunin zafin jiki, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini. Aikin na nas ne ko jami'in lafiya da aka horar, dare da rana. Maigadi zai iya tsara layi, amma bai kamata a bar masa hukuncin wa zai shiga ba. Galibi da dare tsarin ke rushewa, lokacin da mai tantancewa ya tashi aka bar ƙofa a buɗe.

Tambayoyin kada su wuce biyar ko shida, a rubuce a allo, a kuma gama su cikin minti 1. Daga ma'anar cutar da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ta fitar za a ɗauko su, kuma a rubuta kwanan wata a jikin allon domin ma'anar kan canza yayin da annoba ke tafiya. Idan cutar numfashi ce: zazzaɓi, tari, wahalar numfashi, da ko wani a gida yana da irin wannan ciwo. Idan Lassa ake tsoro: zazzaɓin da ya kai kwana 3 ko fiye, musamman wanda ya ƙi jin maganin maleriya, tare da amai, gudawa, ciwon maƙogwaro, ciwon ciki ko zubar jini. Mai ciki da ta zo da zazzaɓi da zubar jini a lokacin rani, a sa Lassa a lissafi tun kafin a kira ɗakin tiyata.

Kada a dogara da ma'aunin zafi na goshi shi kaɗai. Rana da ƙura suna rikita shi, kuma mutum da yawa sun sha farasitamol kafin su baro gida. Na'urar yatsa ma tana da nata: jan farce da baƙin lalle kan hana ta karatu daidai, kuma a fata baƙa takan nuna adadin da ya ɗan fi na gaskiya. Wanda yake haki, numfashinsa ya haura 30 a minti, a ɗauke shi mai tsanani ko da na'urar ta nuna oksijinsa ya kai kashi 93.

Duk mai tari a ba shi takunkumi nan take ya rufe hanci da baki. Cikin duk matakan da za a ambata babu wanda ya kai wannan arha, kuma kaɗan ne suka kai shi amfani.

Akwai kuskuren da ya ci rayuka a 2020, kuma dole a faɗe shi: mayar da tantancewa hanyar korar marasa lafiya. Tambaya biyu ce daban ake yi a ƙofa. Ta farko, zai iya harbin wasu? Ta biyu, zai iya mutuwa yanzu? Amsar ta farko ita ke nuna inda za a kai shi, amsar ta biyu ita ke nuna saurin da za a yi. Yaro mai jijjiga, mace mai zubar jini, wanda aka kwaso daga hatsarin mota, babu mai tsayar da su a layin tambaya. A wuce da su ɗakin farfaɗowa, ma'aikata su sa kayan kariya kamar an tabbatar yana da cutar, a yi tambayoyin daga baya. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa yana amfani da ja, rawaya da kore wajen nuna tsananin ciwo. Saboda haka kada a sake amfani da waɗannan launuka wajen sanya wa ɓangarorin keɓewa suna, in ba haka ba wata rana nas za ta ce "ja ne", wani ya fahimci mai cutar ne alhali tana nufin yana bakin mutuwa.

Mataki na uku: a raba sashen

Ɓangare uku ake buƙata: na waɗanda ba su da alamar cutar, na waɗanda ake zargi, da na waɗanda gwaji ya tabbatar. Kowanne da hanyarsa, da banɗakinsa, da kayan awonsa, da ma'aikatansa. Bango ya fi, amma katako ko leda mai kauri daga ƙasa zuwa sama sun wadatar, muddin ba su toshe taga ba. A zana layi a ƙasa da fenti ko tef, a kafa teburin sa kayan kariya a mashiga, wurin cire su a mafita. Kada su zama wuri ɗaya.

Ɓangaren zargi shi ne mafi haɗari, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Dalili kuwa, a cikinsa ake haɗa mai cutar da wanda maleriya ce kawai ke damunsa. In aka cusa su gado kusa da gado, wanda ya shigo da maleriya zai koma gida da annoba. Don haka a nan ne ya kamata a kashe ɗakunan mutum ɗaya-ɗaya in akwai su. In babu, tazarar mita 1 tsakanin gefen gado da gefen gado ita ce mafi ƙaranci, mita 2 ta fi, kowa da takunkuminsa, kuma a sauya safar hannu da wanke hannu tsakanin kowane majiyyaci. Waɗanda zargin da ake musu ya yi ƙarfi su zauna a gefe guda, waɗanda zargin ya yi rauni a ɗaya gefen. Waɗanda aka tabbatar suna da cuta iri ɗaya su ne za a iya tarawa a ɗaki guda ba damuwa.

Kowane ɓangare ya sami gadon farfaɗowa da oksijin nasa. Idan ɗakin farfaɗowa guda ne a duk sashen, mai cutar da mai bugun zuciya za su haɗu a cikinsa ko an so ko ba a so ba.

Mataki na huɗu: iska

A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne asibitin da ba shi da kuɗi zai iya cin riba mafi girma. Korona, ƙyanda da tarin fuka suna yawo a iskar ɗaki. Ƙwayar ƙyanda kan kai awa 2 a iska bayan mai ita ya fita. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ɗakin da ya dogara da tagogi shi ne lita 60 na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga kowane majiyyaci a ɗakin kwanciya na yau da kullum, da lita 160 a ɗakin da ake ajiye masu cutar da ke bin iska ko ake yin aikin da ke tayar da feshi, irin su sa bututun numfashi da zuƙe majina. Inda ake amfani da inji, ana son iskar ɗakin ta sauya sau 12 a awa, ko aƙalla sau 6 a tsohon gini.

Lissafin ba shi da wuya. Idan akwai taga a bango biyu masu fuskantar juna, a ninka girman ƙaramar tagar a murabba'in mita da gudun iska, a ninka da 0.65, sannan da 1,000. Taga mai murabba'in mita 1 da iska mai gudun mita 1 a daƙiƙa za ta ba da lita 650. Idan da ragar sauro a jiki, a raba biyu, saura 325. Amma idan tagogin duk a bango ɗaya suke, 0.05 ake sawa a madadin 0.65, sai lissafin ya faɗo zuwa lita 50, da raga kuma 25, abin da bai ishi ko mutum ɗaya ba. Wannan ya nuna cewa fasa taga guda a bangon da ke fuskantar na farko ya fi sayen fanka goma. Wani bincike da aka yi a asibitocin birnin Lima na ƙasar Peru, aka wallafa a 2007, ya gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a awa, a tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi kuma har sau 40. Saboda haka tsohon ɗakin nan da aka raina a bayan asibiti sau da yawa ya fi sabon gini mai gilashi dacewa da keɓewa.

Inda tagogi ba su isa ba, a sa fankar da ke zuƙe iska zuwa waje. Ɗaki mai tsawon mita 6, faɗin mita 5, tsayin mita 3 yana ɗaukar iska kubik mita 90 (tsawo sau faɗi sau tsayi); in aka ninka da 12, ana buƙatar fankar da ke fitar da kubik mita 1,080 a awa, kuma adadin yana rubuce a kwalinta. A kafa ta a bangon da ke bayan kan majiyyaci, sabuwar iska ta shigo ta gefen ma'aikata, domin iskar ta taso daga mai lafiya zuwa marar lafiya sannan ta fice. Inda take fitarwa kada ya zama baranda ko inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma. A killace wurin kamar mita 4. Don a gwada, a rufe ƙofa a riƙe siririyar takarda a ƙasanta: in ta karkata zuwa cikin ɗakin, daidai ne. Hayaƙin turaren tsinke ma yana nuna hanyar iska sarai, amma sai a ɗakin da babu kowa kuma an rufe oksijin, domin wuta da oksijin ba sa haɗuwa. A haɗa fankar da layin janareto ko na sola, kada ɗauke wuta ya mayar da ɗakin rufaffen akwati.

Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ciki take juyawa, kuma saboda ita ake rufe tagogi. Fankar sama tana taimakawa ne kawai idan tagogi a buɗe suke. Fankar tsaye kuwa a lura kada ta huro daga majiyyaci zuwa teburin nas. Lokacin hunturu ne jarrabawar ke zuwa, domin sanyi da ƙura kan sa masu jinya su rufe tagogi da tsakar dare. A tanadi barguna, a ɗaure tagogin sama a buɗe, a sa duba su cikin aikin mai zagayen dare. In asibiti zai iya sayen 'yar na'urar auna iskar da muke fitarwa, wato kabon dayoksaid, ta cancanci kuɗinta: a waje takan nuna 400 da 'yan kai, in ta haura 1,000 a ɗaki to iskar ba ta wadatar ba, a rage mutane ko a ƙara buɗewa.

Bayan an fitar da mai cutar da ke bin iska, a bar ɗakin ya huce kafin a shigar da wani. Inda iska ke sauyawa sau 12 a awa, minti 23 ke kawar da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin. Inda sau 6 ne, minti 46.

Mataki na biyar: masu jinya da 'yan dubiya

Rabin waɗanda suka kamu a sashen nan na Seoul ba majiyyata ba ne, ba kuma ma'aikata ba. A wurinmu abin ya fi haka nauyi, domin ɗan'uwa ne ke sayo magani, ya kawo abinci, ya zubar da fo, ya juya marar lafiya. Hana su shiga gaba ɗaya ba zai yiwu ba sai an sami wanda zai yi waɗannan ayyuka. Abin da ke aiki shi ne mai jinya ɗaya ga majiyyaci ɗaya, shi ɗin dai kullum, da kati a wuya, da sunansa da lambar wayarsa a rajista. Kada ya zama tsoho, ko mai ciki, ko mai ciwon suga. A koya masa wanke hannu da sa takunkumi, a hana shi zagaya gadajen wasu, a tantance shi kowace safiya. Dubiya kuwa a dakatar da ita, amma a yi wa mutane bayani da mutunci, a sa lokaci guda kullum da likita ko nas za su fito rumfa su gaya wa dangi halin da ake ciki. Dangin da aka bari cikin duhu su ne ke haura katanga ko su sace majiyyacinsu da dare. Idan Lassa ko Ebola ake zargi, ɗan'uwa ba ya taɓa amai, jini ko kayan shimfiɗa ko kaɗan.

Mataki na shida: kayan kariya

A zaɓi kaya gwargwadon hanyar da cutar ke bi da aikin da za a yi. Mai tantancewa da ke bayan tebur takunkumin asibiti da tsabtar hannu sun ishe shi. Mai taɓa majiyyaci yana buƙatar riga mai dogon hannu, safar hannu, takunkumi da kariyar ido. Takunkumin N95, wanda ke tace ƙananan ƙwayoyi daga iska, na masu shiga inda cutar ke bin iska ne da masu aikin da ke tayar da feshi. Sanƙarau da mashaƙo ta ɗigon yawu suke bi, takunkumin asibiti ya wadatar. Kwalara da Lassa kuwa hannu da ruwan jiki ne abin tsoro, sai a ƙara atamfar roba a gaba da takalmin roba.

Wajen sawa: wanke hannu, riga, takunkumi, tabarau, safar hannu a kan bakin hannun riga. Wajen cirewa ne mutane ke harbin kansu, domin a lokacin an gaji, gumi ya jiƙa jiki, ana sauri. Safar hannu da riga su fara fita, ana naɗe su ciki ya koma waje. A wanke hannu. A cire tabarau ta baya. A fita daga ɗakin sannan a cire takunkumi ta igiyarsa ba tare da taɓa gabansa ba. A sake wanke hannu. A manna hoton matakan a bango, a sa madubi, a kuma tsayar da mutum guda aikinsa kawai kallon mai cirewa yana faɗa masa mataki na gaba. A zafin watan Afrilu kada wanda ya rufe jikinsa ruf ya wuce awa 1 a ciki, kuma ya sha ruwa kafin ya shiga.

N95 ba ya aiki sai ya manne da fata. Duk lokacin da aka sa shi a rufe shi da tafin hannu a hura, in iska ta fita ta gefen hanci ko kumatu a gyara. Gemu yana hana shi mannewa, kuma wannan magana ce da ya kamata a yi ta a fili da girmamawa tun kafin annoba ta iso: wanda ba zai rage gemunsa ba a ba shi hular da ke da injin tace iska in akwai, in babu a ɗauke masa ayyukan feshi a ba shi wasu. Mata su keɓe ƙaramin hijabi na aiki da za a cusa cikin riga, a wanke shi a asibiti. Idan kaya sun yi ƙaranci, gara a ci gaba da sa takunkumi ɗaya na wasu sa'o'i ba tare da taɓa shi ba, da a riƙa cirewa ana mayarwa. Da ya jiƙe, ya gama aiki.

Mataki na bakwai: oksijin da ayyukan feshi

A annobar cutar numfashi ta SARS ta 2003, a asibitin Prince of Wales na Hong Kong, an yi wa wani majiyyaci magani da injin tururin asma a buɗaɗɗen ɗaki, mutum sama da 100 suka kamu. Saboda haka a ajiye wannan inji, a koma ga maganin shaƙa na fesawa tare da mazubin da ake sawa tsakaninsa da baki. In babu na kanti, robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta aka cusa bakin maganin tana aiki, an kuma gwada hakan a kan yara a Afirka ta Kudu.

Oksijin ta siririn bututun hanci har lita 5 a minti, a ɗora takunkumin asibiti a kai. In bai isa ba a koma abin rufe fuska mai jaka, lita 10 zuwa 15. Abin nema a na'urar yatsa shi ne kashi 90 ko sama ga babba, 92 zuwa 95 ga mai ciki. A yi lissafin tukwane tun da wuri: babbar tukunya mai lita 6,800 awa 7 da rabi kawai za ta yi wa mutum ɗaya a kan lita 15.

Sa bututun numfashi a maƙogwaro, zuƙe majina da danna ƙirji su ne mafi haɗari ga ma'aikaci. A yi su a ɗakin da ya fi iska, ƙofa a rufe, mutum uku kawai a ciki, na huɗu a bakin ƙofa yana miƙo kaya. Wanda ya fi ƙwarewa shi zai sa bututun, ba ranar koyo ba ce. A sa matacin ƙwayoyin cuta tsakanin abin rufe fuska da jakar hura iska, kuma kada a fara hurawa sai an kumbura balan-balan ɗin bututun.

Mataki na takwas: hannu, kulorin da shara

Man goge hannu ya kasance a jikin kowane gado, domin wanda zai yi tafiya kafin ya wanke hannu ba zai yi ba. Shafawa daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da sabulu 40 zuwa 60. Sashen magunguna zai iya haɗa lita 10 da kansa: mililita 8,333 na sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 96, mililita 417 na haidirojin feroksaid mai kashi 3, mililita 145 na gilisarin mai kashi 98, a cika da tafasasshen ruwan da ya huce, a ajiye awa 72 kafin a fara amfani.

Ruwan kulorin kala biyu ake haɗawa kowace safiya, a bokitin roba mai murfi, a inuwa, da ƙarfinsa da kwanan wata a rubuce. Daga Jik ko Hypo mai kashi 3.5: ma'auni 1 a ruwa ma'auni 6 yana ba da kashi 0.5 na jini da amai, a bar shi minti 10. Ma'auni 1 a ruwa 34 yana ba da kashi 0.1 na gado, tebur da hannun ƙofa, a bar shi aƙalla minti 1. A duba jikin robar kullum domin ƙarfin kan bambanta. In garin kulorin ne mai kashi 70, giram 7 a lita yana ba da kashi 0.5. Sai an fara wanke datti da sabulu, domin kulorin ba ya ratsa ƙazanta. Gogewa ake yi da tsumma, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti. Fesa wa mutane kulorin a jiki ko a rumfar feshi ba ya hana komai, sai dai ya ƙona ido da huhu. Abin sauraron ƙirji, ma'aunin zafi da wayar hannu a goge su da sinadarin alkohol mai kashi 70.

Kwalin allura a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, kuma kada a mayar wa allura murfinta. Masu shara da masu tura gado a horar da su tare da likitoci, a ba su kaya iri ɗaya. Su ne suka fi kowa taɓa abin da ke harbi, su ne kuma aka fi mantawa.

Mataki na tara: ma'aikata, da hanyar fita

A raba ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da ɓangarensa, domin in cutar ta shiga ɗaya kada ta kwantar da sashen duka. Ma'aikata sukan kiyaye a gaban majiyyaci, sannan su cire takunkumi su ci abinci kwano ɗaya a ƙaramin ɗakin hutu mai rufaffiyar taga. A mayar da cin abinci waje, a yi shi bi da bi. Kayan kariya ba sa zuwa masallaci ko wurin alwala. Wanda ya ji zazzaɓi ya zauna a gida ba tare da an yanke masa albashi ba, in ba haka ba zai ɓoye. A ajiye rajista a ƙofar ɓangaren keɓewa, duk mai shiga ya rubuta suna da lokaci; ranar da gwaji ya fito, ita ce za ta nuna waɗanda za a bibiya, kwana 21 in Lassa ce ko Ebola, ana auna zafin jikinsu safe da yamma.

Duk wannan tsari zai rushe idan majiyyata suna shiga ba sa fita. A sa iyakar sa'o'in da mutum zai yi a sashen, a naɗa mai neman gado a kowane zagayen aiki, a sallami masu sauƙi da bayanin alamun da za su sa su dawo. Hoton ƙirji in da hali a kawo injin wurin gado. In dole a kai majiyyaci, a sa masa takunkumi, a sanar da can kafin a taso, a bi hanyar da ba jama'a. Samfurin jini a sa shi cikin mazubi uku, ɗaya cikin ɗaya, a rubuta abin da ake zargi a jiki domin mai gwaji ya kiyaye. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma tun a matakin zargi, ba sai sakamako ya fito ba. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232. Gawar wanda ake zargin Lassa ko Ebola ba a miƙa wa dangi su yi mata wanka. Ƙwararru ne ke shirya ta, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tanadi taimama da sallar jana'iza, don haka a shigo da limami cikin shirin tun farko.

Kafin a ce an gama, a gwada. A turo wani ma'aikaci da ba a sani ba a sashen, da ƙarfe 2 na dare, ya ce yana tari da zazzaɓi kwana 4. A riƙe agogo: minti nawa kafin a ba shi takunkumi, minti nawa kafin a keɓe shi, mutum nawa suka matso kusa da shi ba kariya. A shafa ɗan garin alli mai launi a safar hannun masu koyon cire kaya, a ga inda zai ɓulla a fuska da wuya. Abin da aka gani a gyara shi a makon, sannan a sake gwajin da wani rukunin ma'aikata, a ranar Juma'a da rana ko ranar kasuwa lokacin da ƙofa ta fi cika.